Yadda Ake Aiko da Manyan Sassan Jikin Mota daga Legas zuwa Arewa cikin Rahusa ba Tare da Sun Lalace ba

Duk wanda ya nemi ƙofar mota ko bonet ko bamba a Kofar Ruwa a Kano, ko a Panteka a Kaduna, ya rasa irin tasa, yawanci Kasuwar Ladipo da ke Mushin a Legas ake nuna masa, domin can ne matattarar kayan tokumbo, wato tsofaffin kayan da aka shigo da su daga ƙasashen waje. Sayen kayan ba ya da wuya a yanzu, tunda da waya ake gama ciniki. Wahalar tana cikin tafiyar kusan kilomita 1,000 da kayan za su yi a bayan mota, a kan hanyoyin da ramukansu ke girgiza lodi dare da rana.

Kafin a yi maganar dako, a tabbatar kayan da za a aiko su ne daidai, domin babu aiken da ya kai wanda aka mayar tsada. A tura wa mai shago lambar shasi, wadda ke da haruffa da lambobi 17, tare da hoton wurin da ya lalace a jikin motar. Mota iri ɗaya da aka ƙera a shekara ɗaya tana iya zuwa da bamba iri biyu, na Amurka daban na Turai daban, kuma ƙofar da aka cire daga mota mai sitiyarin dama, irin ta Ingila ko Japan, maɓallanta da wayoyinta ba lalle su dace da motocinmu masu sitiyarin hagu ba. A kuma daina cewa ƙofar dama ko ta hagu a waya. A ce ɓangaren direba ko ɓangaren fasinja.

Abin da ya kamata mai aike ya gane shi ne, a wannan harka wuri ake saya, ba nauyi ba. Manyan kamfanonin aika saƙo suna auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa a santimita, su ninka su, sannan da yawansu su raba da 5,000, abin da ya fito shi ne kilon da za su caje ka idan ya zarce ainihin nauyin kayan. Ƙofar da aka sa a kwali mai santimita 120 da 110 da 25 za a lissafa ta a kilo 66, alhali mutum ɗaya yana ɗaga ta. Bamba ta fi muni, domin roba ce marar nauyi mai cin wuri. Saboda haka irin waɗannan kamfanoni sun dace da fitila ko madubin gefe, amma ba su dace da bonet ba, sai fa idan gaggawar ta kai a rufe ido a biya.

Hanyar da ta fi rahusa ita ce manyan motocin da suka sauke kayan gwari da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, ko suka sauke dabbobi, suke neman lodin komawa Arewa. Direban da zai koma da sauran wuri a bayan motarsa ya fi sauƙin ciniki, sai dai ba shi da ranar isowa takamaimai, kuma kada a ba shi kaya hannu da hannu a bakin titi. A bi ta ofishin ƙungiyar direbobi a tasha, a biya ɗan kamasho haƙƙinsa, a rubuta lambar mota da sunan direba da lambar wayarsa. Manyan bas-bas na dare da ke sauke kaya a Sabon Gari a Kano sun fi sauri kuma suna ba da takardar webil, wato shaidar karɓar kaya, amma ɗakin kayansu na ƙasa yana da iyaka, kuma yaran mota suna cusa kaya ne har sai murfi ya rufu da ƙyar. Fenda da murfin but suna shiga can lafiya. Gilashin gaba kuwa ban ba da shawarar a saka shi ba. Idan fanel bita biyu ko uku a gari ɗaya suka haɗa odarsu, kuɗin yana raguwa sosai, domin fenda tana shiga cikin fenda, bamba tana kwanciya cikin bamba, muddin an raba tsakaninsu da kwali ko tsohon bargo.

Ɗaurin kaya shi ne inda ake cin riba ko a tafka asara, kuma a nan ne bai kamata a yi rowa ba. Ƙarfen jikin mota bai kai kaurin milimita ɗaya ba a yawancin ƙananan motoci, kuma ba daga tsakiya yake fara lalacewa ba, daga kusurwa da baki ne. Kusurwoyin bonet biyu na baya, waɗanda ke kusa da gilashi, su ne ke fara lanƙwashewa da zarar an dire shi a ƙasa, kuma ko an buga sun miƙe, da wuya layinsu ya sake daidaita da fenda. A naɗe kowace kusurwa da soson tsohuwar katifa, a lulluɓe da kwali ninki biyu, a ɗaure da salatif a kan kwalin, kada ya taɓa fenti. Gefuna masu tsawo kuwa, a tsaga tsohon tiyon ruwa a tsaye a zura shi a bakin ƙarfen. Wannan dabarar ta fi amfani ga ɓangaren da aka yanko daga jikin wata mota, wanda bakinsa ke yankan hannun 'yan dako da tamfol ɗin direba. Kuma a ce wa mai yanka ya bar rara, fanel bita ya rage da kansa.

Duk abin da ya turo waje a cire shi. Madubin gefe, fitilun bamba, tambari da notuna su shiga leda ɗaya a cikin ƙaramin kwali mai ɗauke da suna da lambar waya iri ɗaya da na babban kayan. Gilashin ƙofa a sauke shi ƙasa gaba ɗaya, a cusa soso a bakinsa don kada ya yi rawa.

Gilashin gaba yana da hukuncinsa daban. Falle biyu ne da aka manne da roba a tsakani, kuma idan aka kwantar da shi, nauyinsa da girgizar hanya sun isa su tsaga shi ko babu abin da ya taɓa shi. Kafinta ya haɗa masa akwatin katako, a shimfiɗa soso a ƙasa, ya yi tafiyarsa a tsaye. Ƙofa da bonet ma a tsaye ya kamata su tafi, a jingine da bangon mota, fuskar fenti tana kallon ciki, an ɗaure su da igiya a wuri biyu tare da kwali a ƙarƙashin igiyar. Rubuta "kada a ɗora kaya" a jikin kwali ba ya hana yaron mota ɗora buhu. Abin da ke hana shi shi ne wakilinka ya tsaya har a gama lodi, ya kuma ba shi ɗan na goro. Bamba tana son saman lodi, amma a ƙarƙashin tamfol, domin zafin rana da matsi suna karkatar da roba. Da damina a ƙara leda a kan kwali, domin jiƙaƙƙen kwali ba ya kare komai.

A ɗauki hoton kayan kafin ɗauri, da bayan ɗauri, da kuma inda aka ajiye su a cikin mota. A rubuta ainihin kuɗinsu a takardar webil, tun kafin mota ta tashi a tambayi abin da za a biya idan sun lalace, sannan a ba direba kwafin rasit mai adireshin shago saboda shingayen jami'an kwastan da 'yan sanda. Idan hali ya yi, a biya rabin kuɗin dako a Legas, a riƙe rabi sai kaya sun iso. Mai karɓa ya je tasha da fanel bitansa, su kwance ɗaurin a gaban direba, su duba kusurwoyi da rana, su shafa tafin hannu a kan fenti don jin lotsawar da ido ba ya gani, kafin a sa hannu a biya cikon kuɗin.