Darasi na Bakwai: Kafin Ka Yanka Filin Kasuwanci

Alhaji Bala yana da fili eka ɗaya a bakin titi, a wajen garin Kano. Yana son ya yanka shi fuloti-fuloti, ya sayar wa masu gina shaguna. Sai ya kira safiyo, wato ƙwararren mai awon fili.

Ya ce, "Malam, dillali ya ce mini fuloti takwas za su fita."

Safiyo ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, a takarda haka ne. To, motar kaya ta ina za ta shiga? Ruwan sama kuma ina zai bi?"

Mu yi lissafin tare. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa 5,000 ne. In ka raba, takwas ne da ɗoriya. Amma dillalin bai cire hanya ba, bai cire magudanar ruwa ba, bai bar wurin ajiye motoci da na sauke kaya ba. Idan aka fitar da waɗannan, abin da zai rage bai kai takwas ba. Nan ne masu fili ke jin ciwo, domin gani suke kowace ƙafa kuɗi ce. Amma shagon da mota ba ta isa ƙofarsa, wane ɗan kasuwa ne zai kama hayarsa da daraja?

Me ya kawo hukuma cikin filin mutum? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a. Takardar mallaka da ke hannunka izini ne na amfani da fili, kuma an rubuta abin da aka ba ka shi dominsa: gidan zama, ko kasuwanci, ko masana'anta, ko noma. Mai takardar gidan zama ba zai wayi gari ya jera shaguna ba, sai ya nemi a sauya masa. Haka kuma sayar da wani yanki na fili mai takardar gwamna yana buƙatar amincewar gwamna.

A Kano, Hukumar Tsara Birane, wato KNUPDA, ita ke duba tsarin yanka da zanen gini. Safiyo mai rajista zai auna filin ya kafa duwatsun iyaka. Masanin tsara gari zai zana yadda fuloti da hanya da kwata za su zauna. Sai a kai wa hukuma. In ta amince, sannan a fara ciniki, kowane mai saye ya nemi takardarsa.

Akwai wuraren da ba a gini ko da a cikin filinka suke. A titin gwamnatin tarayya ana barin mita 45.72 daga tsakiyar titi, kowane gefe. Ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ma ba a gini. Hanyar ruwa kuwa, wannan ba ta da wasa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari ba su manta da ambaliyar daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa atamfa da shadda, kuma da yawansu sun ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe magudanai.

Awon igiya, wato yanka fili ba tare da amincewar hukuma ba, ya fi sauri, ya fi araha, shi ya sa ya cika unguwanninmu. Sai dai ranar da aka zo aka shafa wa bango jan fenti, takardar da dillali ya rubuta da shaidu biyu ba za ta hana rusau ba. Wanda ya saya ne zai yi kuka, shi kuma ya dawo kan wanda ya sayar masa.

Alhaji Bala ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, zana mini da hanyar a ciki, mu ga nawa za su fita."

Aikin aji

Karanta ka kwafa: fuloti, safiyo, eka, magudana, takardar mallaka.

1. Idan aka cire murabba'in ƙafa 13,560 daga ekar Alhaji Bala domin hanya da kwata da wurin motoci, fuloti nawa masu 5,000 za su rage?
2. Duba takardar filinka ko ta wani ɗan'uwa. Don wane amfani aka bayar da shi?