Radiyeshin: kurakuran da aka fi yi, daga ajin kimiyya har kasuwar gwangwan

Tsoron radiyeshin da ake yi a wajenmu ya sauka inda bai kamata ba. Mutum zai ƙi kwana da waya a ƙarƙashin matashi, ya tsaya kai da fata kada a kafa ƙarfen sabis a unguwarsu, amma idan aka kawo masa wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin gaske da aka ciro daga tsohon asibiti, sai ya ɗauko guduma ya hau fasawa don ya sami dalma. Ɗalibin da ke shirin WAEC ko JAMB shi ma yana da nasa tuntuɓen, kuma da ka bi diddigi za ka tarar tushensu ɗaya ne: ba a fahimci abin da ke faruwa a cikin cibiyar ƙwayar zarra ba.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne zuba kowane irin radiyeshin a kwando ɗaya. Hasken rana, igiyar rediyo, siginar waya da hasken eksire duk dangi ne, amma ƙarfin da kowane ɗigon haskensu ke ɗauke da shi ya sha bamban. Wanda ke iya fizge ilaktiron daga ƙwayar zarra, har ya yanka ƙwayar halittar gado da ke cikin jiki, shi ne abin kiyayewa: eksire, gamma, alfa da bita. Ana buƙatar wajen ilaktiron-bolt 10 (ma'aunin ƙarfin ɗigo guda ke nan) kafin a yi wannan fizgar. Ɗigon hasken da ido ke gani bai wuce 2 zuwa 3 ba, na siginar waya kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na ilaktiron-bolt guda ba, alhali na eksire yana kai dubbai masu yawa. Ƙara yawan siginar ba ya ƙara ƙarfin kowane ɗigo. Iyakacin abin da zai yi shi ne ɗumama abu.

A asibiti wannan ruɗanin yana jawo hasara ta gaske. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu sauti ne, babu eksire a cikinsa ko kaɗan. Na'urar MRI da maganaɗisu da igiyar rediyo take aiki. Hoton ƙirji da CT, mai nuna cikin jiki yanki-yanki, su ne ke amfani da eksire, kuma ko su ba ɗaya suke ba. Hoton ƙirji guda bai wuce milisibat 0.1 ba (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshin da jiki ya samu), CT na ciki yana iya kaiwa wajen 8 zuwa 10, alhali ɗan Adam a matsakaici yana samun kimanin 2.4 kowace shekara daga ƙasa, iska, abinci da sararin samaniya, ko da bai taɓa taka asibiti ba. A jikinka ma akwai fotashiyom-40 da kabon-14 suna rushewa dare da rana. Saboda haka mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, idan ya guje wa hoton ƙirji don tsoro, ya cuci kansa. Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta faɗa wa mai ɗaukar hoton tun kafin a fara. Shi da likita za su duba abin da ya dace.

Akwai kuma masu ganin wanda aka ɗauka hoton eksire yana fitowa da wani abu a jikinsa da zai shafa wa jariri. Babu wannan. Da an kashe na'urar, hasken ya ɗauke. A nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu: haske ya ratsa ka, da kuma sinadarin da ke fitar da hasken ya manne maka ko ya shiga cikinka. Wanda ya ji ɗumin wuta ya tashi bai tafi da wutar ba, amma wanda ya sa garwashi a aljihu duk inda ya je tana cin sa. Ƙurar yuraniyom a tufafi, ko garin siziyom a hannu, su ne na biyun. Shi ya sa majinyacin da aka ba iyodin-131 don ciwon ƙululun maƙoshi, wato tayirod, ake ce masa ya ɗan nisanci yara na wasu kwanaki, saboda shi sinadarin yana cikin jikinsa.

Yanzu mu shiga aji. Wasu cibiyoyin ƙwayar zarra ba su da daidaito tsakanin furoton da nutiron ɗinsu, sai su fitar da alfa ko bita su rikiɗe su zama wani sinadari. Henri Becquerel ne ya fara cin karo da wannan a gishirin yuraniyom a 1896. Lokacin da rabin cibiyoyin ke ɗauka kafin su rushe shi ake kira rabin rai. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ce tunda rabi ya tafi a rabin rai ɗaya, to a na biyu komai ya ƙare. Ba haka lissafin yake ba. Kowane zagaye rabin abin da ya rage yake ci. Iyodin-131 rabin ransa kwana 8 ne. Idan ka fara da giram 80, bayan kwana 8 saura 40, bayan 16 saura 20, bayan 24 saura 10. Hanya mafi sauƙi ita ce ka raba dukan lokacin da rabin rai ka sami yawan zagaye, sannan ka yi ta rabawa biyu har sau wannan adadin. Bayan zagaye goma ma akwai sauran wajen kashi ɗaya cikin dubu.

Ɗalibai da yawa suna yin lissafin daidai su faɗi a karanta tambaya. Idan an tambayi abin da ya rage, amsa 10 ce. Idan an tambayi abin da ya rushe, 70 ce, kuma mai tsara tambaya yakan ajiye duka biyun a cikin zaɓin. Giram 70 ɗin nan kuma bai ɓace daga duniya ba, ya koma zenon-131 ne. Sannan idan aka ba ka ƙidayar na'urar Geiger, mai auna radiyeshin, tare da ƙidayar da take yi ko babu komai a gabanta, sai ka fara cire ta biyun kafin ka soma rabawa. Misali, an karanta 420 a minti, na muhalli 20 ne: da 400 za ka yi aiki.

Wani abin da yake da wuyar shiga kai shi ne cibiya ba ta tsufa. Babu mai iya nuna wadda za ta rushe nan gaba, kuma wadda ta shekara dubu tana jira ba ta fi sabuwa kusa da rushewa ba. Rabin rai magana ce ta taro mai yawan gaske. Kuma zafi, sanyi, ƙonawa ko zuba asid ba sa hanzarta abin, ba sa dakatar da shi, domin duk waɗannan a kan ilaktiron na waje suke aiki, ba sa isa cibiya. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma radiyom ɗin da ya narke a ciki yana nan daram. Ƙona sharar da ta gurɓata kuwa ƙara ɓarna ne, don hayaƙi da toka za su watsa ta.

Haka kuma mutane sukan ji an ce yuraniyom-238 yana da rabin rai na shekara biliyan 4.5 sai su ɗauka shi ne mafi zafi. Akasin haka ne. Abin da ke rushewa a hankali kaɗan yake fitarwa a kowace daƙiƙa. Giram ɗaya na yuraniyom-238 yana yin rushewa wajen 12,400 a daƙiƙa, giram ɗaya na radiyom-226 mai rabin rai na shekara 1,600 yana yin biliyan 37. Ni a ganina masu matsakaicin rai su ne suka fi zama alaƙaƙai, irin siziyom-137 mai shekara 30: yana da zafin da zai kashe, yana kuma da ran da zai wuce na wanda ya ajiye shi har a manta da inda yake.

A littafi an koya mana takarda tana tare alfa, 'yar farantin alminiyom tana tare bita, gamma kuma sai dalma ko kankare mai kauri ke rage ta. Daga nan sai ɗalibi ya yanke cewa alfa ba komai ba ce. A wajen jiki gaskiya ne, ko matacciyar fatar sama ba ta wucewa. Amma dalilin da ya sa ba ta nisa shi ne tana zazzage dukan ƙarfinta a ɗan ƙaramin wuri, kuma idan wurin nan huhu ne ko hanji, ɓarnar babba ce. Da foloniyom-210, mai fitar da alfa, aka kashe Alexander Litvinenko, tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, a Landan a 2006. Iskar radon, wadda ke fitowa daga duwatsu masu yuraniyom, ita ce ta biyu bayan taba wajen jawo kansar huhu. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Arlit ta Jamhuriyar Nijar an fara haƙar yuraniyom tun 1971, mahaƙar Akokan kuma ta yi aiki har 2021, kuma abin dubawa a irin waɗannan wurare shi ne ƙura, ruwan sha da radon. A tsaunin Jos, yashin da aka bari bayan an wanke kuza yana ɗauke da ma'adanai masu toriyom, don haka bai kamata a kwashe shi a yi bulo ko yaɓen ɗakin kwana da shi ba tare da an auna ba. A kula kuma, dalma rage gamma take yi, ba ta share ta gaba ɗaya.

Wajen rubuta lissafin rushewa, alfa tana rage lambar nauyi (jimillar furoton da nutiron) da 4, lambar zarra (yawan furoton) da 2: yuraniyom-238 mai lamba 92 ya koma toriyom-234 mai lamba 90. A bita ne ake zamewa. Lambar nauyi ba ta canzawa, lambar zarra kuma ƙaruwa take yi da ɗaya, domin nutiron ne ya rikiɗe ya zama furoton, ilaktiron ɗin da ya fito kuma a nan take aka samar da shi, ba daga masu kewaya cibiya yake ba. Haka kabon-14 mai lamba 6 ke zama naitirojin-14 mai lamba 7. Gamma ba ta taɓa ko ɗaya daga lambobin.

Kabon-14 ɗin nan, mai rabin rai na shekara 5,730, shi ake auna shekarun kayan tarihi da shi, amma sai abin da ya taɓa rayuwa: itace, ƙashi, gawayi, fata. Ba a auna dutse da shi, kuma bayan wajen shekara 50,000 abin da ya rage ya yi ƙanƙantar da ba za a dogara da shi ba. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da yake jihar Yobe a yau, da wannan hanyar aka san ya kai kimanin shekara 8,000. Gwada lissafin da kanka: bai cika rabin rai ɗaya da rabi ba, wato sauran kabon-14 ɗinsa wajen kashi 38 cikin ɗari ne.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne zaton cewa jiki zai ji. Radiyeshin ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, kuma ba a jin sa a lokacin da yake ɓarna. A watan Satumba na 1987, a birnin Goiania na ƙasar Birazil, wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin gasa cutar kansa da aka yi watsi da shi, suka ciro wani sashe na na'urar suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai garin siziyom-137 mai ƙyallin shuɗi a duhu. Abin ya ba mutane sha'awa, aka yi ta rarraba wa dangi da maƙwabta, wata yarinya 'yar shekara shida ta ci abinci da hannun da ta taɓa shi. Amai da gudawa suka fara, aka ɗauka gurɓataccen abinci ne. Sai da aka yi mako biyu kafin a gane. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinyar, an auna wajen mutum 112,000, an sami 249 da sinadarin a jikinsu ko tufafinsu, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasarsu. Makamancin haka ya faru da kobal-60 a Samut Prakan ta ƙasar Tailan a 2000, da kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi a 2010.

Duk wanda ya san yawan samarinmu da ke sana'ar jari-bola, daga Kano har Legas da Fatakwal, dole wannan ya dame shi. Irin waɗannan sinadarai ana amfani da su a asibitoci, a rijiyoyin mai, da wajen duba waldar bututu. Alamarsu kunnuwa uku ne kewaye da ɗigo a kan fenti ruwan ɗorawa, kuma tun 2007 an ƙara wata, jan alwatika mai ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Ko babu alama, ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, a rufe ruf da dalma, abin zargi ne. Kada a fasa, kada a sa a aljihu, kada a kai gida. A matsa nesa, domin idan ka ninka tazara sau biyu abin da ke isowa gare ka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, idan sau goma ne kashi ɗaya cikin ɗari. A hana yara zuwa wurin, wanda ya taɓa ya tuɓe tufafinsa a ƙulle a leda ya yi wanka da sabulu, a sanar da 'yan sanda da hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya. Wanda kuma ya fara amai, ko ya ga ƙuna a fatarsa ba tare da ya taɓa wuta ba, ya gaya wa likita irin ƙarfen da ya riƙe da ranar da ya riƙe shi.