Yadda na daina ɗaukar ayyukana a ka

Shekara uku da suka wuce, manhajoji huɗu na tsara aiki ne a wayata, ga littafin rubutu, ga 'yan takardu da na lilliƙa a jikin kwamfuta. Duk da haka wani rahoto da aka ba ni mako biyu in kammala ya kuɓuce mini, sai ranar da wa'adi ya cika aka kira ni ana tambaya. Na rubuta wa kaina tunatarwa kuwa, amma a wurin da ba na dubawa. Abin ya yi mini ciwo sosai, kuma daga ranar na sauya tsari.

Fara da zaɓen wuri ɗaya tak. Ni manhajar Todoist nake amfani da ita, amma Google Keep ko littafi da biro ma sun wadatar. Sharaɗin kawai shi ne ya kasance kullum yana tare da kai. Duk abin da ya faɗo maka a rai, ko alƙawari ne, ko saƙon da ba ka amsa ba, rubuta shi nan take, kada ka ce "zan tuna". A 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bluma Zeigarnik, ta wallafa binciken da ya nuna mutane sun fi tuna aikin da aka katse musu fiye da wanda suka gama. Ni dai na san wannan a jikina: aikin da ban gama ba shi ke tashina da tsakar dare, amma da na rubuta shi sai zuciyata ta sake shi.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne yadda suke rubuta aikin. Za ka ga mutum ya rubuta "rahoto" ko "haraji". Wannan ai suna ne kawai. Idan ka buɗe jerin da safe ka ga "rahoto", sai ka sake zama ka yi tunanin ta ina za ka kama, kuma wannan tunanin ne ke sa ka ɗage shi zuwa gobe. Rubuta abin da hannunka zai yi: "kira mai kula da asusu in karɓi alƙaluman watan jiya", ko "rubuta shafin farko". Babban aiki ka yanka shi gunduwa-gunduwa har sai ka samu abin da za ka iya farawa ba tare da wani shiri ba. In kuwa abin ba zai ci minti 2 ba, yi shi a take, kada ma ya shiga jeri. Wannan ƙa'idar Ba'amurke David Allen ne ya yaɗa ta tun 2001, kuma ita ta fi rage mini tarin ƙananan saƙonni.

Kowane dare nakan ɗebo uku daga jerin, su ne na gobe. Uku kawai. Kalanda kuma na bar ta ga abin da ke da rana da sa'a, kamar taro. Na lura in na cusa mata buri, sai in daina yarda da ita.

Sai zaman aikin kansa. A ƙarshen shekarun 1980, wani ɗalibin jami'a ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya riƙa auna karatunsa da agogon girki mai siffar tumatir, shi ya sa tsarin ya samu sunan Pomodoro, wato tumatir da Italiyanci. Aiki minti 25, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai tsawo. Gwada shi a haka tukuna. Ni minti 25 ya yi mini kaɗan in rubutu nake yi, don daidai lokacin da hannu ya fara sakewa agogo ke bugawa, sai na mayar da nawa 45. Amma wayar a wani ɗaki take kwana har in gama, wannan kam ba na sassautawa.

In kuna aiki ne ku da yawa, allon kanban zai taimaka. Daga masana'antar Toyota ta Japan ya samo asali, manhajar Trello kuma ta sauƙaƙa shi tun 2011: layin abin da za a yi, layin wanda ake kai, layin wanda aka gama. Kada kowa ya riƙe fiye da biyu a layin tsakiya.

Abin da ke riƙe duk wannan shi ne bitar mako. Yammacin Lahadi nakan ware rabin sa'a in bi jerin daga sama har ƙasa, in duba kalandar mako mai zuwa, in tuntuɓi wanda nake jiran amsarsa. Aikin da ya yi wata guda ban taɓa shi ba, nakan tambayi kaina ko da gaske zan yi shi. In eh ne, in sa masa rana. In a'a ne, in goge shi, in kuma sanar da mai shi tun da wuri don ya nemi wani.