Yadda Ake Zana Jaruman Katun Na Da Da Hannu, Daga Fensir Zuwa Fenti

Wanda ya yi ƙuruciyarsa a Sakkwato tsakanin shekarun 1980 da farkon 1990, kuma akwai talabijin a gidansu ko a gidan maƙwabta, da wuya ya manta da katun ɗin jarumtaka da ake nunawa a wancan zamani, musamman Voltron, inda zakuna biyar na ƙarfe suke haɗuwa su zama ƙaton butum-butumi mai takobi. A Amurka, manyan gidajen talabijin uku, wato ABC da CBS da NBC, sun shafe shekaru da dama, tun daga shekarun 1960, suna keɓe safiyar Asabar domin shirye-shiryen yara, shi ya sa mutanen can suke danganta irin wannan katun da safiyar Asabar. A wajenmu kuwa safiyar Asabar ta makarantar allo ce, domin Alhamis da Juma'a ne ranakun hutu, saboda haka yawancinmu bayan la'asar muka san katun, idan an yi sa'a akwai wuta. Da yawa daga cikin yaran wancan lokaci yanzu magidanta ne, kuma wasunsu suna sha'awar su zana waɗannan jarumai da hannunsu, ko su koya wa 'ya'yansu, amma sai zanen ya fito bai yi kama da abin da suke tunawa ba. Dalilin hakan shi ne sun fi mai da hankali kan fuskar jarumin, alhali kamannin katun na da ya samo asali ne daga yadda aka yi aikin tun farko.

Ya kamata mai zane ya fara fahimtar cewa tsimi ne ya haifi wannan salo. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma kamfanin da zai fitar da shiri duk mako ba shi da kuɗi ko lokacin da zai zana sabon hoto ga kowanne daga cikinsu. Kamfanin Hanna-Barbera, wanda aka kafa a 1957, ya shahara da dabarar raba jiki gida-gida: ana zane a kan ledoji da ake ganin abu ta cikinsu, a jera su wata kan wata, gangar jiki a kan leda ɗaya ba ta motsi, kai a kan wata, baki da idanu a kan wata, ta yadda idan jarumi yana magana bakinsa kaɗai za a sake zanawa. Wannan ne ya sa ake yawan ganin kwala ko abin wuya a jikin taurarinsu, domin a ɓoye mahaɗar kai da jiki. Da yake mutane da yawa ne za su zana jarumi guda sau dubbai, dole ne siffarsa ta zama mai sauƙi, layukanta kaɗan, launukanta ƙidayayyu. Alex Toth, wanda ya tsara siffar jarumin katun Space Ghost a 1966, ya yi suna ne saboda iya rage zane har sai abin da ya zama dole kaɗai ya saura. Duk wanda ya cika zanensa da ƙananan layuka da inuwa hawa-hawa, to ya kauce wa salon tun kafin ya ɗauki fenti.

Kafin a taɓa takarda, a nemi ainihin hotunan shirin a kalle su da kyau, kada a dogara da abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe. Wannan ya fi muhimmanci a gare mu, domin da yawa a talabijin marar launi suka yi kallon, kuma har yau akwai waɗanda ba su san cewa zakunan Voltron baƙi ne da ja da kore da shuɗi da rawaya ba. A tsayar da bidiyo a wurare uku ko huɗu, inda jarumin ya fuskanto gaba, da inda ya ba da gefe, da inda ya juya baya, a ɗauki hoton allon wayar. Masu aikin katun suna da takarda ta musamman da ke nuna tauraro ta kowace fuska tare da ma'aunin tsayinsa, kuma yana da kyau mai koyo ya haɗa tasa, ko da ba ta yi kyau ba, saboda ita ce za ta hana kan jarumi girma a wannan zane ya ƙanƙance a wancan.

Kayan aiki ba su da tsada, kuma ana samun yawancinsu a shagunan littattafai da ke Babbar Kasuwa ko kusa da makarantu: fensir mai tauri na zanen farko, abin goge fensir, farar takarda, kwali mai kauri, maka baƙa mai siririn baki wadda ba ta gogewa, burushi ƙarami da matsakaici, da fentin ruwa na kwalba. Abu ɗaya da ba a shagon littattafai ake nemansa ba shi ne leda mai tauri wadda ake ganin abu ta cikinta, irin wadda masu buga takardu suke sa wa kundin ɗalibai a matsayin bango. Duk shagon da ke yi wa ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ɗinkin kundi yana da ita. A zaɓi marar launi, mai santsi, domin ita ce ta fi kusa da ledar da kamfanonin katun suka yi amfani da ita kafin zuwan kwamfuta.

Zanen fensir yana farawa ne da ma'auni. Tsayin mutum na yau da kullum ya kai kusan tsawon kansa sau bakwai zuwa bakwai da rabi, amma jarumin katun akan ba shi takwas, tare da faffaɗar kafaɗa da siririn ƙugu, wanda shi ke sa a gan shi da kwarjini. A ja layi ɗaya daga kai zuwa ƙafa wanda zai nuna inda jikin ya karkata, sannan a ɗora ƙirji da ƙugu da gaɓoɓi a matsayin akwatuna da ƙwallaye, a bar fuska sai daga ƙarshe. Idan an gama, a yi wannan gwaji: a ɗora wata takarda a kai, a cike siffar gaba ɗaya da baƙi. In har wanda ya san shirin zai iya gane jarumin da abin da yake yi daga wannan baƙar siffa kaɗai, to tsayuwar ta yi. In kuwa takobi ya ɓace a cikin ƙirji, ko hannuwa sun manne da jiki, sai a buɗe su a sake. A ganina wannan gwaji ya fi kowane darasi na zanen fuska amfani, kuma shi ne masu koyo suka fi tsallakewa saboda gaggawa.

Daga nan sai a ɗora ledar a kan zanen fensir, a manne gefenta da salatif don kada ta goce, a bi layukan da maka. Layin waje ya fi na ciki kauri, kuma kowane layi ya rufe, kada a bar ƙofa tsakanin wannan launi da wancan. A riƙa sa wata takarda a ƙarƙashin hannu, domin gumi da maiƙon fata suna hana maka da fenti kama leda, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafin Sakkwato yake wuce digiri 40. Wanda ya saba da alƙalamin kara da tawadar allo yana da wata fa'ida a nan, tunda hannunsa ya riga ya iya sa layi ya yi kauri ya kuma sirance a tafiya ɗaya, sai dai tawadar allo, wadda ake haɗawa da ƙaro, an yi ta ne don ta wanku da ruwa, saboda haka ba ta zama a kan leda, kuma ko a takarda za ta narke da zarar fentin ruwa ya taɓa ta. A yi atisaye da ita a takarda, amma ainihin aikin a yi shi da maka.

Matakin fenti shi ne ya fi rikita masu koyo, domin a bayan ledar ake shafa shi, ba a fuskar da aka yi layi ba. Idan an juya ledar, layin baƙi yana can ɗaya gefen ba abin da zai taɓa shi, kuma launin zai fito sumul ba tare da sawun burushi ba idan an duba ta gaba. Wannan yana nufin tsarin aikin a juye yake: abin da aka fara shafawa shi ne zai bayyana a gaba. Don haka a fara da ƙananan abubuwa, kamar farin ido da haƙora da ƙyallin takobi, a bari su bushe sarai, sannan a shafa inuwa, daga ƙarshe a rufe da babban launi. Wajen manyan launuka kuwa, a fara da masu duhu kafin masu haske, saboda idan mai duhu ya hau bayan mai haske yakan nuna ta cikinsa. Fentin akirilik, wanda yake zama kamar roba idan ya bushe, ya fi kama leda. Idan fentin kwalba na 'yan makaranta kaɗai aka samu, a ɗiga masa farin gam irin na kafintoci a gauraya, in ba haka ba zai tsattsage ya zube bayan ya bushe. A shafa shi da kauri, a ɗaga ledar sama ta fuskanci haske. Duk inda haske ya ratso, a ƙara wani shafin.

Game da launi, a taƙaita. Launi biyar ko shida sun ishi jarumi guda, kuma kowane launi inuwa ɗaya tak yake buƙata, mai kaifin baki, ba wadda take narkewa a hankali ba. Da yawa daga cikin katun na shekarun 1960 da 1970 ma ba su da inuwa sam a jikin taurari, sai dai baƙin tabo mai kauri a ƙarƙashin haɓa ko a cikin alkyabba, kamar yadda ake gani a shirin Jonny Quest na 1964. Inuwa mai kaifin baki ta fi yawa a shirye-shiryen shekarun 1980 da aka zana a Japan, irin su ThunderCats na 1985, da Voltron wanda tun asali shirin Japan ne na kamfanin Toei kafin a sake masa tsari a Amurka a 1984. Saboda haka mai zane ya yanke shawarar wane zamani yake kwaikwayo, kada ya cakuɗa su.

Yanayin garinmu yana da nasa hukunci a kan wannan aiki. A lokacin hunturu fenti yakan bushe a kan burushi kafin a kai shi leda, ƙura kuma tana manne wa duk abin da yake da danshi. A zuba fenti kaɗan-kaɗan a kan jiƙaƙƙen tsumma da aka shimfiɗa a faranti, a yi aiki da sassafe a ɗaki mai rufaffiyar taga, kuma a kifa kwali ko tire a kan ledar yayin da take bushewa. Kada a shanya ta a rana, domin zafi yana lanƙwasa ta.

Bango kuwa, wato hoton wurin da ke bayan jarumi, a kan kwali ake yin sa daban, kuma a nan ne aka yarda burushi ya nuna kansa. Masu katun na da suna zana duwatsu da sararin sama da fadoji da launuka masu laushi, ba tare da baƙin layi ba, domin jarumin da ke kan leda ya fito fili. A yi faɗin hoton kashi huɗu, tsayinsa kashi uku, wato siffar allon tsohuwar talabijin. Wannan kaɗai yana dawo wa mai kallo da rabin abin da yake kewa. Zanen bango ya dace da wanda yake bin fahimtar malaman da suka hana zana abu mai rai, domin a katun na jarumtaka akwai jiragen sama jannati da motoci da ganuwoyi da hamada da za su ishi mutum aiki na shekaru ba tare da ya zana fuska ba.

Bayan an kwaikwayi jarumai biyu ko uku har hannu ya faɗa, lokaci ya yi da za a juyo gida, kuma a nan ne nake ganin aikin ya fi armashi. Mahayin da ya sha lifidi da sulke da kwalkwali a hawan salla yana da duk abin da mai tsara katun yake nema: siffar da ake ganewa daga nesa, launuka masu ƙarfi, da makami a hannu. Soro mai zankwaye, da itatuwan giginya a bakin Gulbin Rima, da jar ƙasa da hazon hunturu a bayanta, sun isa bangon kowane labari na jarumtaka, kuma adon da dukawa suke yi wa fatar jar akuyar Sakkwato zai zauna daram a kan garkuwa ko ɗamarar jarumi. A bi ƙa'idojin nan dai: kai takwas, layi mai rufewa, launi shida, inuwa ɗaya. Wanda ya fi son aiki da waya zai iya yin duk wannan a manhaja irin ibisPaint, inda zai ware shafi ɗaya na layi, ɗaya na launi a ƙarƙashinsa, ɗaya na bango, wato dai tsarin ledar ne aka mayar cikin na'ura.

Akwai kuma dalili na doka da ya sa ƙirƙirar jarumi na kai ya fi. Taurarin waɗannan shirye-shirye mallakar kamfanoni ne, kuma Najeriya tana da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023. Zana su domin koyo ko domin ratayewa a ɗaki abu ne da masoya suke yi a ko'ina a duniya, amma buga su a riguna ko kalanda domin sayarwa yana buƙatar izinin masu su. Idan za a nuna wa jama'a zanen, a sa hannu a ƙasansa, a kuma ambaci sunan shirin da aka kwaikwaya. Wajen ɗaukar hotonsa, a ɗora ledar a kan bango, a tsaya a inuwar baranda inda babu hasken da zai yi walƙiya a kanta, a kashe fitilar waya, a riƙe wayar daidai saitin tsakiyar zanen. Wajen ajiya kuma, a sa farar takarda tsakanin kowace leda da 'yar'uwarta, a kwantar da su a cikin kwali nesa da zafi, domin fentin da ya ji ɗumi yakan manne wa duk abin da yake kusa da shi.