Yadda Za Ka Hana Manhajoji Yi Maka Laɓe Ta Makirufon Waya

Ka taɓa lura da ɗan ɗigo kore a saman allon wayarka, kusa da alamar batir? Tun daga Android 12 da ya fito a 2021, shi ke nuna cewa wata manhaja na amfani da makirufo ko kyamara a daidai lokacin. A iPhone da iPad kuwa, tun 2020, ɗigon makirufo ruwan lemo ne, na kyamara kore. In kana kira ko naɗar saƙon murya a WhatsApp, ba komai. In karatu kawai kake yi ya kama, to da walakin goro a miya.

Fara da gano mai laɓen. A Android, jawo allon daga sama ka taɓa alamar, sunan manhajar zai fito. A iPhone, buɗe Control Center, za ka ga sunan can sama.

Daga nan ka shiga Settings. Tecno, Infinix da Samsung kowa da irin jerinsa, don haka kada ka wahalar da kanka: rubuta Permission manager a gurbin bincike, ka zaɓi Microphone. Duk manhajar da ka taɓa ba izini tana nan, har waɗanda ka danna musu "na yarda" cikin gaggawa ka manta. Zaɓi uku ne: ta ji ka sai lokacin da kake amfani da ita, ta riƙa tambaya kowane karo, ko a hana ta gaba ɗaya. WhatsApp da manhajar kira su samu na farko. Amma tocila fa? Kalkuleta ko wasan ludo, me za su yi da muryarka? Hana su. Akwai kuma Privacy dashboard, mai nuna wa ya taɓa makirufon cikin awa 24 da suka wuce, da ƙarfe nawa. Masu iPhone su bi Privacy & Security, sannan Microphone, su kashe maɓallin gaban kowace manhajar da ba su aminta da ita ba.

Android na da maɓalli guda a cikin alamomin da ake jawowa daga sama, mai toshe makirufon ga kowa da kowa. Yana da amfani lokacin zaman sirri, sai dai a yi hattara. Na taɓa danna shi a wayar Baba, wai ina yi masa gyara. Shi kuwa jinsa ya yi rauni, da Sound Amplifier yake sauraron hira, manhajar da ke ɗaukar muryar mutane ta ƙara mata ƙarfi zuwa abin kunne. Washegari ya kira ni: "Kai, me ka yi wa abin nan? Ya kurumce kamar mai shi!" Irin waɗannan kayan taimako, da Live Listen na iPhone, da rubutu da murya ga wanda ido ko hannu ya gaza, duk da makirufo suke aiki. Ka tambayi mai waya kafin ka toshe.

Inda na fi so ka daɗe shi ne sashen Accessibility na Android, wato saitin masu buƙata ta musamman. Manhajar da ta samu izini a nan tana iya karanta abin da ke kan allonka, ta danna maɓalli a madadinka, shi ya sa ɓarayin intanet ke kwaɗayinsa. Duba jerin manhajojin da aka sauke a ciki. TalkBack, mai karanta wa makafi allo, na gida ne. Amma in ka tarar da wata manhajar bashi, ko wadda aka turo maka ta Xender, a kunne a wurin, kashe ta, ka goge ta, sannan ka canza lambar sirrin manhajar bankinka tun kafin ka ajiye wayar.