Darasi na 9: Wutar Daji a Lokacin Iska

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. Busasshiyar iska ce ta Hamada, tana tsotse danshin ciyawa da kara da jinka har su zama abin da ƙyastu ɗaya ya isa. Shekarar da damina ta yi kyau, gamba da kyasuwa da ƙarangiya suka cika daji, ita ce shekarar da wuta ta fi ɓarna. Makiyayan arewacin Tawa da Maraɗi da Damagaram sun san haka sarai.

Mafarin wutar yawanci hannun mutum ne: mai sassabe da ya cinna wa gona ya tafi, samari masu farautar gafiya, mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wuta a gindin itace, mai gawayi, matafiyi da ya dafa shayi bai rufe garwashin ba, guntun taba. A cikin gari kuma, toka mai zafi da aka zuba a juji.

Yadda iska take tafiyar da wuta

Idan babu iska, harshen wuta yana miƙewa sama, wutar tana ci a hankali ta kowane gefe. Idan iska ta taso sai ta kwantar da harshen a kan ciyawar da ke gaba, ta gasa ta tun kafin wutar ta iso. Tana kuma hura wutar. Abu na uku shi ne mafi muni: tana ɗaukar tartsatsi, da ɓawon itace, da guntun kara mai ci, ta jefa su can gaba, su kunna sabuwar wuta a bayan masu kashewa. Yawancin gidajen da ke ƙonewa, tartsatsin nan ne ke fara kama jinkarsu ko harawarsu tun wutar tana nesa.

Masu binciken wutar daji suna da wani ƙiyasi mai sauƙi. A fili mai busasshiyar ciyawa, ranar iska mai ƙarfi, gudun wuta yakan kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na gudun iskar. Wato iska mai gudun kilomita 40 a awa tana iya tura wuta kilomita 8 a awa. Lafiyayyen mutum yana tafiyar kilomita 5 ne a awa. Tsohuwa, ko mai goyo, ko yaro mai kora tumaki, ba su kai haka ba. A hawan tudu kuma wuta tana ƙara gudu, mutum yana rage nasa.

Wuta tana da kai, da gefe biyu, da gindi. Kai shi ne wajen da iska ta nufa, can harshe ya fi tsawo. Gindi shi ne inda ta faro, tana ci baya-baya a hankali. Ku riƙe wannan: idan iska ta juya, dogon gefen nan gaba ɗaya shi ke zama kai. Mutanen da suke tsaye lafiya a gefe sai su tsinci kansu a gaban wuta mai faɗin gaske. Shi ya sa ake ware mutum ɗaya wanda ba ya dukan wuta, aikinsa kallon hayaƙi kawai, ya yi ihu da zarar ya ga ya karkata.

Iskar hunturu ta fi ƙarfi da hantsi, ciyawa kuma ta fi bushewa daga azahar zuwa la'asar. Tsakanin hantsi da la'asar ba a cinna wuta a fili, ko ta ƙona shara ce.

Abin da ya faru a Lahaina

Lahaina tsohon gari ne a bakin teku, a tsibirin Mawi na jihar Hawai a Amurka. A bayan garin akwai tsofaffin gonakin rake da aka daina nomawa, doguwar ciyawa ta rufe su, ta bushe. Ranar 8 ga Agusta 2023 aka tashi da iska mai gudun kusan kilomita 100 a awa tana gangarowa daga duwatsu zuwa teku. Da safe wayar lantarki da ta tsinke ta kunna ciyawa a gefen gari. 'Yan kwana-kwana suka zo suka kashe, suka zauna sa'o'i suna dubawa, suka tafi. Da rana wutar ta sake tashi a wajen. Iska ta kwashe ta zuwa cikin gari, gida yana kunna gida. Hanyoyin fita suka cushe da motoci, wasu turakun lantarki sun faɗi sun tare su, har wasu mutane suka faɗa teku don tsira. Gine-gine fiye da 2,200 suka ƙone ko suka lalace, mutum wajen 100 suka rasu.

Garin yana da motocin kashe gobara da famfo da kwalta, amma abubuwan da suka ci shi mun san su a ƙauyukanmu: saura mai ciyawa manne da gidaje, wutar da aka zaci ta mutu, da mutane da yawa a kan hanya ɗaya.

Kusa da mu, dattawan zango a Gana suna tuna 1983. Fari ya yi tsanani, hunturu ya daɗe, wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci da hatsin da aka ajiye, yunwa ta biyo baya. A shekarar gwamnatin ƙasar ta kafa dokar hana ƙona daji, ta sabunta ta a 1990.

Hanyar tare wuta

Wannan shi ne babban aikin, kuma aikin gayya ne. Ana share fili dogo, a cire ciyawa har ƙasa ta fito, don wuta in ta iso ta rasa abin ci. A yankunan kiwo na Nijar ma'aikatan gandun daji sukan sa a yi irin wannan hanya mai faɗin mita 15 zuwa 20 bayan damina. Taku ɗaya mai faɗi na babban mutum ya kusa mita ɗaya, don haka ku auna taku 20 zuwa 25.

Lokacinta ƙarshen damina ne, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin ciyawa ta gama bushewa. Wanda ya bari sai Janairu ya makara. A fara da ɓangaren arewa da gabas na gari, tunda daga can iska take zuwa. Hanyar ta gitta wa iska. Wadda aka ja ta bi tsawon iska ba ta tare kan wuta. A yi amfani da abin da Allah ya riga ya share: hanyar mota, burtali, fako, busasshiyar ƙorama, a haɗa su da juna.

Dabara biyu ake bi wajen share ta. Ta farko, a nome da fartanya ko a yanke da lauje, a tattara da manjagara, a kwashe ciyawar a kai gida, abincin dabbobi ce. Ta biyu ta fi sauri: a ja garmar shanu a yi layi biyu, kowane faɗin mita 3, a bar mita 15 a tsakaninsu, sannan a ƙone ciyawar tsakiyar. Ƙonawar da yamma lis ake yi, iska ta kwanta, kaɗan-kaɗan, kamar tsawon taku 50 a lokaci ɗaya. A cinna daga gefen da iska ta nufa, don wutar ta ci tana fuskantar iska. Mutane su tsaya a layukan biyu da ɗanyun rassa. In iska ta motsa, a kashe, a bari sai gobe.

Ga inda aikin yake lalacewa. Wasu sukan tara ciyawar da suka share a bakin hanyar. Tarin yana ba wuta tsawon harshen da za ta tsallaka. Wasu sukan bar ciyawa a gindin itace ko busasshen kututture a gefe, daga nan tartsatsi ke tashi. Wasu sukan bar giɓi na taku goma saboda gonar wani ce bai yarda ba, wuta kuwa ta giɓin za ta shiga. Wannan magana ta mai unguwa da dagaci ce, a gama ta tun kafin ranar gayya. Hanyar bara kuma ba ta aiki bana, sai an sake sharewa.

Cikin gari da cikin gida

A share taku 10 kewaye da kowane gida, taku 5 kewaye da rumbu, har da ƙarƙashinsa inda ƙaiƙayi da ganye suke taruwa. Tarin kara da harawa a kai su aƙalla taku 30 daga ɗakuna, a ɓangaren kudu maso yamma, domin in sun kama iska ta yi waje da tartsatsin. Kada a yi tari ɗaya babba. A raba uku ko huɗu da tazara.

Mun san dalilin ɗora harawa a kan ɗaki: awaki da ɓarayi. Amma harawa a kan ɗakin kwana tayin gobara ce. A kafa mata rumfa daban.

Dangar kara ko zana da ta haɗa gida da gida ita ke kai wuta unguwa guda. Inda ba a iya katangar ƙasa, a yanke dangar a bar tazara tsakaninta da jinka, ko a yaɓe taku biyu na ƙarshe da laka. Fetur a jarka ba ya kwana a ɗakin da mutane suke. Toka a yayyafa mata ruwa kafin a zubar. Kowane gida ya ajiye randa ko duro cike da ruwa, da bokitin yashi, da tsani, da buhun algarara biyu. Buhun leda narkewa yake ya manne a hannu.

Idan wuta ta taso

A sanar da gari nan take ta lasifikar masallaci ko ganga, a faɗi inda take da inda ta nufa. A buga waya: 112 a Najeriya, 18 a Nijar. Sai dai ƙauye mai nisa kada ya zauna jiran mota.

A dubi tsawon harshen. In bai wuce ƙirjin mutum ba, ana iya kashewa da hannu. In ya wuce, ba a tararsa da rassa, a koma bayan hanyar tare wuta a tsare tartsatsin da ke tsallakowa. Masu kashewa su fara daga gindi, su bi gefe biyu suna matse ta, ƙafa ɗaya kullum a kan inda ya riga ya ƙone. Da ɗanyun rassan dogonyaro ko jiƙaƙƙen buhu ake yi, ana sharo wutar zuwa cikin toka. Duka daga sama da ƙarfi watsa tartsatsi yake. Masu shebur su biyo baya suna watsa ƙasa a gindin harshen. A sa tufafin auduga masu rufe hannu da ƙafa, da takalmi rufaffe. Yadin roba da silifa suna narkewa.

Tarar wuta da wuta, wato cinna wata a gabanta, dabara ce ta gaske, amma ranar iska ta sha juyewa ta ci garin da ake karewa. Sai wanda ya saba, daga bakin hanyar da aka share, kuma da izinin shugaba ɗaya.

Tun wuta tana nesa a fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya zuwa wurin da aka riga aka sani: filin idi, filin makaranta, fako, ko gonar da aka kwashe kararta. A sa wuri biyu ta hanya biyu. A kwance dabbobi daga turke. Kada kowa ya koma ɗaki ɗauko kaya. Wanda wuta ta rutsa a daji kada ya gudu gabanta ko ya hau tudu. Ya yanke gefe, ko ya nemi inda harshe ya yi gajere ya tsallaka cikin toka. In babu hali, ya kwanta rub-da-ciki a kwari ko rami marar ciyawa, ya rufe jikinsa, hancinsa kusa da ƙasa.

Wanda tufafinsa suka kama ya faɗi ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna ruwa mai sanyi mai tsabta ake zuba mata na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da manja, ƙwai, gishiri, man goge baki ko baƙin mai. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, kada a fizge tufar da ta manne, kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta. A tafi asibiti in ƙunar ta fi tafin hannun mai ita, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko yaro ne, ko muryar mutum ta dishe bayan shaƙar hayaƙi.

Bayan ta lafa

Kututture da busasshen kashin shanu suna riƙe wuta a ciki ba hayaƙi. Iskar gobe da hantsi sai ta tona su, ta mirgina kashin cikin ciyawar da ta rage. A bi bakin ƙunar gaba ɗaya, a fasa, a jiƙa, a binne, a kara bayan hannu a ji ko da zafi. A bar masu gadi kwana da yini, kututture kuma a riƙa duba shi kwanaki.

Ɓarnar takan daɗe. Makiyayar da ta ƙone a Disamba ba ta dawowa sai ruwa ya sauka, wata shida ke nan. Shanu sukan tashi da wuri su nufi fadamu inda ake noman rani, rigima ta biyo. Dusa da kara su yi tsada, dabba ta faɗi a kasuwa. Ƙananan gawo da kaɗanya da ɗorawa su mutu, iska ta kwashe ƙasar da ta tsiraita. Gidan da rumbunsa ya ƙone ya rasa abinci da irin shuka a rana ɗaya, don haka in za a tara gudummawa a sa iri a ciki.

A rubuta asarar tun ranar: sunan mai gida, ɗaki nawa, dami nawa na gero da dawa, dabba nawa. Mai unguwa ya sa hannu, a kai wa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa, a ajiye kwafi ɗaya a gari.

Aikin aji

Kewayen wani ƙauye mita 2,000 ne. A ce mutum ɗaya yana share tsawon mita 10 na hanya mai faɗin mita 20 a yini. Mutum 50 kwana nawa za su yi? In rabin kewayen hanyar mota ce da fako, kwana nawa ya rage?

Ku zana taswirar garinku a allo. Ku sa kibiya inda iskar hunturu take shigowa, ku nuna tarin kara da rumbuna da rijiyoyi, da wurare biyu na taruwa. Malamin aji ya kwafe ta a takarda, mutum biyu su kai wa mai unguwa kafin darasi na gaba.