Kurakuran da ke cinye ribar mai lambun mangwaro, daga hunturu zuwa damina

A watan Afrilu ne mai lambun mangwaro yake fara kuka. 'Ya'ya na zubewa tun ba su nuna ba, wanda ya nuna kuma a tsaga shi a tarar da tsutsa. Sai a ɗora laifin a kan iri, ko iska, ko maganin feshi na jabu. Amma idan ka bi diddigi za ka ga yawancin ɓarnar an shuka ta tun watanni huɗu ko biyar baya. Aikin da ake yi a lambu sau da yawa daidai ne, lokacinsa ne ake kuskurewa.

Mu fara da ban-ruwa. Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse ko ya sayi injin ban-ruwa, da zarar damina ta ɗauke sai ya ci gaba da shayar da bishiyoyi, har ya ƙara musu takin yuriya, don yana ganin gata yake yi musu. Mangwaro kuwa sai ya sha fari na wata biyu zuwa uku, sanyin hunturu ya buge shi, sannan yake fitar da fure sosai. Ka ba shi ruwa da taki a Nuwamba, zai saka maka da sabon ganye jajir, gwanin sha'awa, babu fure. Ni ma na taɓa yin haka ga layi biyu na bishiyoyina. A Janairu na tsaya ina kallon lambun maƙwabcina da ba ya da ko rijiya ya yi fari fat da fure, nawa kuwa ganye ne ke sheƙi. Gyaran shi ne a dakatar da ruwa ga manyan bishiyoyi daga ƙarshen damina, a dawo da shi bayan 'ya'ya sun ɗaure sun kai girman gurjiya. Daga nan kada a yi wasa da shi, domin zafin Maris da Afrilu yana sa bishiya mai ƙishi ta zubar da abin da ta ɗauka. Dashen da bai kai haihuwa ba wannan doka ba ta hau kansa, shi ruwa yake so duk rani.

Feshi lokacin fure shi ma yana yi mana illa. Mutum ya ga ƙudaje da ƙudan zuma sun yi dandazo a kan fure, sai ya ɗauko famfon feshi. Ai su ne ma'aikatanka na kyauta, su ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Idan akwai farar ƙura mai kama da toka a kan furen, cutar fumfuna ce, maganinta daban ne da na ƙwari. A yi feshinta kafin fure ya buɗe, da yamma lis.

Babban abokin gaba shi ne ƙudan mangwaro, kuma a nan aka fi yin asara. Mafi ɓarna a cikin ire-irensa baƙo ne daga Asiya. A Kenya aka fara ganinsa a Afirka a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso yammacin nahiyar. Macen tana huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai. Daga waje ɗan ɗigo kawai za ka gani, kamar an soka allura, wani lokaci da ɗan ƙaro a bakinsa. Tsutsa ta ci ciki, ɗan ya faɗo, ta fita ta shige ƙasa, bayan kwana goma ko makamancin haka ta fito a matsayin sabon ƙuda. To duba abin da muke yi: muna barin ruɓaɓɓen mangwaro zube a gindin bishiya, ko mu share mu tara a gefen shinge. Wannan kiwon ƙuda ne da hannunmu. Feshi ba ya kai wa ga tsutsar da ke cikin ɗa, balle wadda ke ƙarƙashin ƙasa.

Abin yi shi ne a riƙa tsince duk wanda ya faɗo, aƙalla sau biyu a mako. A zuba a baƙar leda mai kauri, a ɗaure baki, a bar ta a rana kwana uku zuwa biyar har zafi ya kashe su. Ko a haƙa rami mai zurfin da ya wuce rabin mita a binne. Akwai kuma tarko mai sinadarin da ke jawo mazan ƙudan, ana rataye shi a gorar roba da aka huda. Kuskuren da ake yi da shi, sai ɓarna ta bayyana ake rataye shi. A sa shi tun 'ya'ya na ƙanana. Kuma a yi magana da maƙwabta, domin ƙuda bai san iyakar gona ba, kuma yana cin gwaiba da lemo idan mangwaro ya ƙare. Ƙudan yana ƙaruwa da saukar ruwan farko, shi ya sa irin da ke nuna a makare, kamar Kent da Keitt, suka fi shan wahala. Mai shirin sabon lambu ya haɗa da irin da ke nuna da wuri.

Ciyawa kuwa a nome ta, a share hanya kewaye da lambu tun kaka, kafin masu farautar gafiya su cinna wa daji wuta. Wutar yini ɗaya a hunturu tana ƙone furen shekara.

Sai tsinka. Har yanzu ana girgiza reshe ko a yi ta dukansa da gora. Duk wanda ya bugi ƙasa ya ƙuje, kafin mota ta kai shi kasuwar 'Yan Lemo a Kano ya fara baƙi, dillali kuma ya karya farashin kwandon gaba ɗaya. A ɗaura 'yar jaka da wuƙa a bakin gora, a yanke da ɗan guntun hannu, don ƙaron da ke fita kada ya ƙona fata. A ajiye a inuwa. Batun nunar da ɗanye da sinadarin kabaid, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda lafiyar masu ci, kuma mangwaron da aka tsinka bai ƙosa ba ko ya yi launi ba ya zaƙi.

Da an gama tsinka mutane sukan juya wa lambu baya su koma gonar hatsi, alhali lokacin askin bishiya ke nan. A datse busassun rassa da waɗanda suka cushe tsakiya, iska da rana su riƙa ratsawa, domin laimar damina ce ke raya cutar da ke sa baƙin tabo a ganye da 'ya'ya. A mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin haɗin a cire shi, in ba haka ba uwar gindin za ta rinjayi irin da ka saya da tsada. A wannan lokaci ne kuma ake zuba taki, a zagaye daidai inda inuwar rassa ta tsaya, nesa da gindi. Takin shanu ya zama ya ruɓe sosai, don ɗanyensa yana kiran gara.